Yadda ake tono tsohon rubutu a WhatsApp, Facebook da X ta hanyar kwanan wata

Bayan Babbar Sallar 2024 wani dattijo mai harkar albasa ya shigo shagona a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ya ajiye waya kan tebur ya ce, "Ɗana, saƙon shina cikin wayag ga. Cikin azumi munka yi magana, kwana huɗu ko biyar da kamawa." Gardama ce ta shiga tsakaninsa da abokin cinikinsa na Kudu kan yawan buhunan da aka loda. Yaransa sun kwana biyu suna jan fuskar waya da yatsa, suna wuce hotunan mota da gaisuwar Juma'a, ba su kai ba. Ni ban yi minti biyar ba na kunna masa saƙon muryar. Ba wata gwaninta na yi ba. Na san ranar da aka kama azumin wannan shekara, na kuma san inda kalandar WhatsApp take ɓoye.

Kusan kowane mako sai an kawo mini irin wannan aiki. Ga ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai neman tsohuwar sanarwa, ga mai neman hoton mahaifinsa marigayi da wani ya taɓa sakawa a Facebook, ga kuma 'yan siyasa masu son a tono alkawarin da abokin hamayya ya yi kafin zaɓe. Danna maɓallai shi ne mai sauƙin. Yawanci tun kafin a taɓa wayar ake faɗuwa, domin mutum bai tsayar da lokacin da yake nema ba.

Abin da za ka tanada

Waya mai caji da ɗan data. Neman rubutu ba ya cin data sosai, bidiyon da ke kunna kansa ne ke cinye ta, don haka kashe shi a saitin manhaja kafin ka fara.

Burauza, kamar Chrome. Da yawanmu Facebook Lite muke amfani da shi saboda sauƙin data, amma an rage masa wasu maɓallan tace bincike. In ba ka da babbar manhajar, shiga ta burauza. In akwai kwamfuta ya fi. In babu, danna ɗigo ukun da ke saman Chrome ka zaɓi Desktop site. Rubutun zai ƙanƙance, amma maɓallan da suka ɓace za su fito.

Akawun ɗinka, kuma ka tabbata ka shiga ciki. X ba ya barin baƙo ya yi bincike.

Kalanda mai nuna kwanan Hijira da na Miladiyya tare. Ko ta bango ce irin wadda ake rabawa ta isa, in dai ta shekarar da kake nema ce.

Sai biro da takarda. Kada ka raina su. Za ka gwada ranaku da kalmomi iri-iri, in ba ka rubuta abin da ka gwada ba sai ka yi ta maimaita abu guda.

Mataki na 1: Kafa iyaka biyu

Mu ba da kwanan watan Turawa muke tuna abu ba. Cewa muke "ana saura kwana uku Sallah", ko "lokacin wahalar kuɗi", ko "da damina ta fari". Na'ura kuwa shekara da wata da rana kawai ta sani. Aikinka na farko shi ne juya tunaninka zuwa lambobi, kuma ba rana guda za ka nema ba. Iyaka biyu za ka kafa: ranar da ka tabbata abin bai faru ba tukuna, da ranar da ka tabbata ya riga ya faru.

Ga wasu turaku da nake ɗaure lissafi a kansu, bisa sanarwar ganin wata da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi. An kama azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, ranar 1 ga Maris a 2025. Ƙaramar Sallah ta kama 21 ga Afrilu 2023, 10 ga Afrilu 2024, da 30 ga Maris 2025. Babbar Sallah kuwa 28 ga Yuni 2023, 16 ga Yuni 2024, da 6 ga Yuni 2025. Ka ga yadda kowace shekara take ja da baya da kwana goma zuwa sha biyu. In shekarar da kake nema ba ta cikin waɗannan, yi wannan lissafin ka sami kusa-kusa, sannan ka tabbatar a kalanda.

Wajen Alhaji mai albasa, azumin 2024 ya kama Litinin 11 ga Maris, kwana huɗu ko biyar ya kai mu 14 ko 15. Sai na rubuta 12 zuwa 18 a takarda. Kullum ka ƙara kwanaki gaba da baya, domin tunanin ɗan Adam yana zamewa. Haka nan manhajojin da ke juya kwanan Hijira galibi lissafin Saudiyya suke bi, wanda kan iya saɓa wa namu da kwana guda.

In ba Sallah ba ce ma'aunin, nemi wani babban abu da kowa ya shaida. Zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairu 2023 aka yi shi, na gwamnoni 18 ga Maris bayan an ɗage shi daga 11 ga wata. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka rantsar da Gwamna Ahmed Aliyu na Sakkwato, ranar ce kuma aka ce tallafin mai ya ƙare. Wahalar takardun kuɗi ta biyo bayan fitar da sababbin naira a Disamban 2022, ta yi tsanani a Fabrairun 2023. Dogon yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya faro 14 ga Fabrairu 2022 ya ƙare 14 ga Oktoba. Tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari ya rasu 28 ga Disamba 2018. Tambayi kanka, ko mai aikin: lokacin nawa ake sayar da litar mai? Kuna makaranta ko kuna gida? Zafi ake ko hunturu? Tambaya uku irin waɗannan kan matse shekara guda ta koma wata guda.

Wata dabara: duba hotunan wayarka. In ranar da ka ga rubutun ka je ɗaurin aure a Wurno ko cin kasuwa a Achida ka ɗauki hoto, to hoton na ɗauke da kwanan wata a bayanansa.

Mataki na 2: Zaɓi kalmar da mai rubutun ya yi amfani da ita, ba wadda kai za ka yi ba

Nan Hausa take da nata tarko. Na'ura harafi take bi, ba ma'ana ba. Garin nan kaɗai wani zai rubuta Sokoto, wani Sakkwato, wani Sokkoto. Kalma mai ƙugiya kamar ƙasa, wani kasa zai sa, wani qasa, wani k'asa. Ɗan'uwa ya koma dan uwa. Ga kuma Sakkwatanci: wanda ya rubuta "anka yi" ko "munka tahi" ba zai fito ba in ka nemi "aka yi" ko "muka tafi". Wani ma da Turanci ya yi rubutun, kai ne ka riƙe shi da Hausa a ranka.

Saboda haka ɗauki kalma ɗaya ko biyu waɗanda ba a cika furtawa ba: sunan gari, sunan kaya, sunan unguwa. Kalma kamar Goronyo ko Illela ta fi "Allah ya jiƙan" amfani nesa ba kusa ba, domin addu'ar tana cikin rubutu dubbai. Rubuta kowace kalma da salonta biyu ko uku a takardarka. Kada ka zuba jimla sukutum. Harafi guda ya saɓa, ka tashi a tutar babu.

Mataki na 3: WhatsApp

Buɗe hirar, ta mutum guda ce ko ta zaure, wato group. A Android danna ɗigo uku a sama ka zaɓi Search. A iPhone danna sunan mutumin sannan Search. Za ka ga 'yar alamar kalanda. Danna ta, zaɓi rana, wayar za ta kai ka can kai tsaye. Tun Fabrairun 2024 wannan ya iso wayoyin Android, don haka in ba ka ga kalandar ba manhajarka ce ta tsufa, sabunta ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman kalandar a akwatin bincike na waje, inda jerin sunaye suke. A cikin hirar take.

Fara daga iyakarka ta farko ka riƙa gangarowa. Ta haka na samu saƙon Alhaji ranar 15 ga Maris, da yamma gab da shan ruwa.

In wayar tsohuwa ce ba ta ɗaukar sabuntawa, ko kuwa an goge hirar, akwai hanyar bayan gida. A Android, WhatsApp yana sa wa kowane fayil suna mai ɗauke da rana. Hoto zai zama kamar IMG-20240315-WA0012, saƙon murya kuma PTT-20240315-WA0004, wato 2024, wata na 3, rana ta 15. Buɗe manhajar fayil ta wayarka ka rubuta 20240315 a akwatin nema. A sababbin wayoyi ma'ajiyar tana cikin Android, sai media, sai com.whatsapp. Saƙonnin murya an kasa su jaka-jaka da shekara da mako, kamar 202411, wato mako na 11 a 2024. Sau da yawa an goge hira amma fayilolin suna nan kwance. Ka dai sani, ranar da ke jikin sunan ita ce ranar da abin ya sauka a wayarka, ba ranar da aka ɗauki hoton ba.

Abu uku ba su da magani. Na farko, WhatsApp abin da ke cikin wayarka kawai yake nema. In ka canza waya ba tare da ajiya a Google Drive ko iCloud ba, ya tafi, sai dai ka roƙi ɗaya ɓangaren ya duba tasa. Na biyu, in an kunna saƙo mai ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, kalanda ba za ta dawo da shi ba. Na uku, status awa 24 yake yi.

Mataki na 4: Facebook

Ƙofa huɗu ce, kuma sanin wadda za ka bi shi ne rabin aikin. Facebook na yawan canza wa maɓallai wuri, amma sunayensu kan zauna yadda suke.

In rubutun naka ne, ko kai ka yi sharhi a ƙarƙashinsa, ko ka danna masa alamar so: je shafinka, danna ɗigo uku, zaɓi Activity log. Nan duk motsin da ka taɓa yi yake jere, kuma akwai wurin zaɓar shekara da wata. Wannan ƙofar mutane ba su cika saninta ba, alhali ita ta fi kowace tabbas. Ko ka manta wanda ya yi rubutun, in dai ka sa "Allah ya gafarta masa" a ƙasa, sharhinka zai ja ka zuwa gare shi.

In ka san mai rubutun: shiga shafinsa, gangara zuwa inda rubuce-rubucensa suka fara, za ka ga Filters. Danna, zaɓi shekara, sannan wata. Shafin zai yi tsalle zuwa can. In mutum ne mai yawan rubutu, irin mai sakin goma a yini, haɗa da kalma: ɗigo ukun shafinsa na da Search wanda ke nema a cikin rubutunsa kaɗai.

In a zaure ne: shiga zauren ka danna alamar tabarau mai kama da ludayi da ke sama, kada ka yi amfani da akwatin bincike na waje. In zauren rufaffe ne kuma ka fita ko an fitar da kai, ba za ka ga komai ba sai ta wayar wanda ke ciki.

In ba ka san kowa ba, kalma kawai gare ka: rubuta ta a babban akwatin bincike, danna Posts, buɗe Filters ka zaɓi Date posted. Nan kam shekara kawai ake ba ka, babu wata babu rana, kuma a ganina ita ce mafi raunin ƙofofin. Ka taimaka mata da Posts from, inda za ka ce daga abokai ko zauruka kake so, da Tagged location in kana zaton an liƙa Sokoto a jikin rubutun.

In ka bi duk wannan ba ka gani ba, kada ka yi saurin cewa an goge. Mai yiwuwa mai shi ya mayar da rubutun na abokai kaɗai, ko ya toshe ka, ko ya canza suna. Gwada da wayar wani abokinsa.

Mataki na 5: X, wanda aka sani da Twitter kafin Yulin 2023

Wajen neman rana babu kamarsa, amma umarni yake so a rubuta masa daidai. A akwatin bincike sa kamar haka:

from:sunan_shafi since:2023-03-18 until:2023-03-21

Kalmar from na nufin daga wane, since daga wace rana, until zuwa wace rana. Tsarin shi ne shekara, wata, rana, da ɗan layi a tsakani, kuma watan Maris 03 ake sa masa, ba 3 ba. Kada ka bar fili bayan ɗigo biyun. Allon rubutu na waya yana son saka filin da kansa, wannan ne ke ɓata wa yawancin masu koyo aiki. Sunan da za ka sa shi ne mai alamar @, ba wanda aka ƙawata a sama ba. In mutum ya canza shi, sabon za ka sa, tsofaffin rubuce-rubucensa za su biyo.

In ba mutum kake bi ba, magana kake bi, cire from ka sa kalmominka. Nan ne salon rubutun da ka tara a mataki na 2 zai yi amfani, domin OR da manyan haruffa na haɗa su:

(Sokoto OR Sakkwato) since:2023-03-18 until:2023-03-21

Da sakamako ya fito, danna Latest. Wurin da yake fara buɗewa, Top, waɗanda suka yi tashe kawai yake zaɓo maka. In hoto ko bidiyo kake nema akwai Media a jere guda. In jimla ce ka tabbata da ita harafi da harafi, sa ta tsakanin alamun zance.

Tarko biyu. Ranar da ka sa a until ba ta shiga lissafi, a bakinta ake tsayawa. In kana son abin da aka rubuta ranar 18 kaɗai, since zai zama 18, until kuma 19. Na biyu, agogon binciken na GMT ne, mu kuma muna gaba da shi da awa guda. Wanda ya yi rubutu ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Arkilla, a wurin na'ura jiya ya yi shi. Wannan na yawan faruwa da sanarwar ganin wata da sakamakon zaɓe, abubuwan da ke fitowa da tsakar dare. Maganinsa shi ne dai ƙara kwana guda kowane gefe.

Wanda rubuta umarni ya yi masa wuya, ya buɗe x.com/search-advanced a burauza. Fom ne mai gurabe, ranakun suna can ƙasa.

Af, in lokacin da kake nema ya faɗa tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022, kada ka yi mamakin ganin shafuka da yawa shiru, musamman na hukumomi. Lokacin ne gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya. Sanarwar wannan lokaci a Facebook za ka neme ta.

Mataki na 6: In ba ka san dandalin ba, tambayi Google

Google na da nasa kalmomin, before da after, da tsarin rana iri ɗaya da na X:

gobara kasuwa Sokoto after:2021-01-01 before:2021-02-01

Wannan zai fito maka da rahotannin gobarar da ta ci babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021. In dandali guda kake so a tsaya a kai, ƙara site:facebook.com a gaba. Waɗannan kalmomi biyu suna aiki a akwatin binciken YouTube ma, kuma da su nake nemo wa almajirai tafsirin wata shekara: sunan malamin, sai after ranar kama azumi, before ranar Sallah. In tashar malamin ka sani, shiga jerin bidiyonta ka danna Oldest ta juya maka daga na fari.

Sai dai ranar da Google ke nunawa kintace ce daga jikin shafin, tana iya kuskure, kuma abin da aka rufe wa jama'a ba ya ganinsa. Ɗauke shi a matsayin ɗan jagora mai nuna maka unguwa. Gidan kuma da ƙafarka za ka shiga ka tabbatar.

A kwamfuta akwai Tools, sannan Custom range, inda ake zaɓar rana a kalanda. Yi hattara a nan: sau da yawa tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. Abin da ka karanta 3 ga Afrilu a 03/04, shi 4 ga Maris yake nufi.

Mataki na 7: Sauran dandali, a taƙaice

Telegram, inda ake yawan tara karatuttukan malamai, yana da kalanda a cikin binciken kowace tasha kamar WhatsApp, kuma ya fi shi da abu guda: saƙonninsa na yau da kullum ba a wayarka kaɗai suke ba, ko ka canza waya suna nan. Instagram na barin ka tace naka da rana a Your activity, tsofaffin labaranka kuma suna Archive da kalandarsu, amma na wani sai ka ja da yatsa. TikTok tazara kawai yake bayarwa, kamar wannan mako ko wata uku ko wata shida da suka wuce. Abin da ya haura haka, Google da site:tiktok.com ya fi maka.

In an goge rubutun ɗungurungum kuma kana da adireshinsa, gwada liƙa shi a web.archive.org, rumbun da ke ajiye hoton shafukan intanet da ranakunsu. Ya fi kama na manyan mutane da jaridu. Na talaka irina da kai da wuya a ce wani ya ajiye.

Mataki na 8: Ka gani, to ka tabbata ranar gaskiya ce

Ranar da aka saka abu daban, ranar da abin ya faru daban. Bidiyon ambaliya ko gobara na iya shekara biyar yana yawo, duk damina a sake masa riga a ce yau ne. Saƙon da aka turo maka daga wani zaure ranar turowa yake ɗauka, ba ranar da aka ƙirƙire shi ba. In wani ya aiko maka da bidiyo yana ta salati wai yanzu kasuwa ke ci, yi abin da ka koya amma a juye: nemi kalmomin da until ko before na makon jiya. In ya fito, tsoho ne. In hoto ne, sa shi a Google Lens, mai bincike da hoto, ka ga inda ya taɓa bayyana.

A Facebook duba abu biyu. Danna ɗigo ukun rubutun, in akwai View edit history to an taɓa gyara shi, za ka ga yadda yake a da. Wannan ya sha kama masu "na faɗa tun bara", waɗanda ke komawa tsohon rubutu su cusa hasashe bayan abin ya faru. Sannan mai shafi na iya mayar da ranar rubutunsa baya. Abin da ba zai iya taɓawa ba shi ne ranar sharhin mutane. In rubutu ya ce 2019 amma sharhin farko na makon jiya ne, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Hoton fuskar waya da wani ya turo maka kuwa ba hujja ba ne shi kaɗai. Yaro mai wayo zai haɗa maka irinsa kafin shayi ya huce. Nemi asalin rubutun da kanka.

Mataki na 9: Ajiye shi kafin ya gudu

Da ka samu, kada ka tsaya murna. Mai shi na iya gogewa da ya ji ana nema. Kwafi adireshin rubutun ta Copy link ka tura wa kanka. Buɗe rubutun shi kaɗai yadda cikakken kwanan wata zai fito, ba "shekara 2" kawai ba, sannan ka ɗauki hoton fuskar wayar da sunan mai shi da ranar duk a ciki. A kwamfuta, ɗora kibiyar linzami kan lokacin da ke ƙarƙashin suna, rana da awa za su bayyana. A WhatsApp danne saƙon ka sa masa tauraro, gobe sai ka same shi a Starred ba tare da kalanda ba. In maganar mai zuwa gaban manya ce ko gaban alƙali, yi Export chat, wanda ke fitar da hirar a rubuce, kowane layi da ranarsa da lokacinsa, kuma kada ka goge asalin daga wayar. In hirar ta ƙunshi sirrin wani ko hoton iyalinsa, yanke abin da ya shafi maganar kawai ka nuna, kuma wayar da ba taka ba kada ka tona ta sai mai ita na zaune.

Na sa wa saƙon Alhaji tauraro na kunna masa. Muryarsa ce tar, yana cewa buhu talatin da takwas, ba arba'in da yake ta rantsuwa a kai ba. Ya sa na maimaita sau uku, yana kallon silin. Can ya ce, "To ɗana, ba a iya shahe shi?" Na ce, "Baba Alhaji, damar goge wa kowa kwana biyu ce kacal, wannan ko ya haura wata uku. Ko ka share a taka, yana nan a tasa." Ya yi shiru, ya zaro kuɗin data ya ajiye mini, ya ce in nemo masa lambar mutumin in danna masa kira.